Faifan fulofi: Yadda kwamfuta ke ɗora shi da gane tsarin fayilolin da ke cikinsa

Har yanzu ana cin karo da faifan fulofi a ƙasan durowar ofis, ko cikin kwalin tsofaffin takardu, ko a akwatin ma'aikacin da ya yi ritaya. Daga shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, a cikinsa ake ɗaukar aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan: jerin sunayen ma'aikata, lissafin albashi, kundin kammala karatu, wasiƙun kwangila, bayanin masu bashi a kanti. Idan buƙata ta taso, kamar tantance shekarun aiki ko neman wani tsohon lissafi, sai a nemo na'urar karanta shi a jona, a zura faifan. Sau da yawa abin da ke fitowa a allo shi ne saƙon cewa faifan ba shi da fomat, tare da tambayar ko a yi masa yanzu. Wanda ya amince ya shafe abin da ya zo nema da hannunsa, domin cikakken fomat na fulofi sake rubuta faifan yake yi daga farko har ƙarshe.

Wannan saƙo ba ya nufin babu komai a faifan. Ma'anarsa kawai ita ce kwamfutar ta duba inda ta saba ganin shaida, ba ta ga wadda ta sani ba. Fahimtar abin da take nema, da dalilan da ke hana ta gani, shi ne ke raba wanda zai ceto bayanansa da wanda zai rasa su.

Yadda faifan yake

Kamfanin IBM ne ya fara fitar da fulofi a 1971, mai faɗin inci 8. Kamfanin Shugart ya kawo mai inci 5.25 a 1976, sannan a farkon shekarun 1980 kamfanin Sony na Japan ya fito da mai inci 3.5, wanda shi ne akasarin mutane suka sani: kwanson roba mai tauri, da murfin ƙarfe mai zamewa, a ciki kuma siririn faifai mai laushi da aka shafa wa sinadarin maganaɗisu. Sony ya daina ƙera shi a 2011. Hoton da ake latsawa don adana aiki a manhajoji da yawa har yau siffarsa ce.

Sabon faifai fili ne kawai, ba alama ko ɗaya. Fomat shi ne yanka wannan fili. Ana zana zobba masu kewaye juna, kowane zobe a raba shi yanki-yanki. A faifan inci 3.5 da aka fi yawan gani akwai zobba 80 a kowace fuska, fuskoki 2, yanki 18 a kowane zobe, kowane yanki na ɗaukar bayit 512. Jimilla yanki 2,880 ke nan, wato bayit 1,474,560. Sunan da aka yi masa na megabayit 1.44 ya fito ne daga lissafin da ya gauraya 1,000 da 1,024, don haka bai dace da ko ɗaya daga cikin ma'aunan biyu ba. Ƙanensa mai kilobayit 720 yanki 9 ne a zobe. Ana bambance su da ido: babban yana da huda biyu a kusurwoyinsa, ƙaramin huda ɗaya.

Yankan fili kaɗai ba ya gaya wa kowa wane fayil ne ke ina. Sai an samu rajista, kamar yadda mai kula da sito ke riƙe littafin da ke nuna buhun wane ne a wane lungu. Wannan rajista da ƙa'idojin rubuta ta su ake kira tsarin fayiloli. Kowace babbar manhajar kwamfuta ta zo da irin nata, kuma a nan matsalar ta samo asali.

Tsarin FAT12

Mafi yawan fulofin da aka yi amfani da su a ofisoshi da shagunan buga takardu na ɗauke da tsarin FAT12, na manhajar DOS da Windows. Tushensa daga kamfanin Microsoft ne a ƙarshen shekarun 1970, siffarsa mai lamba 12 kuma ta bayyana a 1980 cikin manhajar 86-DOS da Tim Paterson ya rubuta, wadda daga baya ta zama MS-DOS.

A faifai mai megabayit 1.44, yanki na farko, wanda ake ƙirgawa da sifili, shi ne katin shaidar faifan. A cikinsa aka rubuta girman kowane yanki, yawan yankuna, yawan fuskoki, da inda rajista ta fara. Yankuna 9 da ke biye su ne rajistar kanta, wasu 9 kuma kwafinta ne, saboda ko ɗaya ta lalace. Sai yankuna 14 na jerin sunaye, masu gurbi 224. Ragowar yankuna 2,847 su ne na ajiya, shi ya sa sabon faifai ke nuna bayit 1,457,664 ne kawai ake iya amfani da su.

Abubuwa da dama da suka riƙa ɗaure wa masu amfani kai suna da bayani a wannan shiri. Faifai kan ce ya cika alhali akwai sauran wuri, domin guraben suna 224 sun ƙare. Asalin tsarin harafi 8 ya yarda da su a suna, da 3 na nau'in fayil. Da Windows 95 ta kawo dogayen sunaye, sai ta riƙa cin gurbi fiye da ɗaya ga kowane dogon suna, tana kuma ajiye gajeren suna a gefe. Fayil mai suna "Rahoton Fansho 2001.doc" zai bayyana a tsohuwar manhaja a matsayin RAHOTO~1.DOC. Haka kuma goge fayil ba ya taɓa abin da ke cikinsa: ana maye harafin farko na sunansa ne da wata alama ta musamman, a kuma rubuta a rajista cewa wurinsa ya zama fanko. Muddin ba a ɗora wani abu a kai ba, ana iya dawo da shi.

Mene ne ɗora faifai?

Kalmar da masana ke amfani da ita, mount, ta samo asali ne daga zamanin manyan kwamfutoci, lokacin da ma'aikaci ke ɗaukar naɗin tef ko faifai da hannu ya ɗora a kan na'ura. Yau ma'anarta ita ce babbar manhaja ta karanta shaidar faifai, ta zaɓi shirin da ya iya tsarinsa, sannan ta ba shi matsayi a cikin jerin wuraren da mai amfani ke iya buɗewa. Zura faifai a na'ura daban, ɗora shi daban.

DOS da Windows suna yin wannan a ɓoye, ta hanyar ba kowace na'ura harafi. An keɓe A da B ga fulofi, domin kwamfutocin farko kan zo da na'urorinsa biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa babban faifan cikin kwamfuta ke amsa sunan C har yau. Na'urar fulofi ta kwamfutar ofis ba ta sanar da manhaja cewa an zura mata faifai, sai an latsa A tukuna take juyawa ta duba.

A Unix da Linux babu haruffa. Dukkan fayiloli reshe ne na bishiya guda, kuma faifan da aka kawo sai an rataya shi a wata folda. Na'urar fulofi ta cikin kwamfuta sunanta /dev/fd0. Wadda ake jonawa ta USB kuwa tana fitowa ne da suna irin na filash, kamar /dev/sdb, kuma wajibi ne a tabbatar da sunan da umarnin lsblk kafin a taɓa komai, domin kuskuren harafi ɗaya na iya kai mutum ga wani faifan daban. Umarnin ɗorawa, wanda ke buƙatar ikon mai kula da kwamfutar, ga yadda yake:

mount -t vfat -o ro /dev/fd0 /mnt/fulofi

Kalmar vfat na nufin tsarin FAT mai dogayen sunaye. Idan aka rubuta msdos a madadinta faifan zai buɗe, amma gajerun sunaye kawai za a gani. Haruffan ro na nufin karatu kaɗai, ba rubutu. Foldar /mnt/fulofi kuma dole ne a ƙirƙire ta tun da farko.

Saukewa tana da muhimmanci kamar ɗorawa. Fulofi na juyawa sau 300 ne kacal a minti, don haka Linux kan riƙe abin da aka ce ta rubuta a ƙwaƙwalwa, ta nuna kamar an gama, sai daga baya ta zuba a faifan. Wanda ya danna maɓallin fitarwa kafin ya ba da umarnin umount zai iya tafiya da faifan da rajistarsa ta ce abu kaza na nan alhali bai iso ba. Kamfanin Apple ya kauce wa wannan tun 1984: na'urar Macintosh ba ta da maɓallin fitarwa, manhaja ce ke tofo faifan bayan ta gama da shi. Gargaɗin da ake yi yau na kada a zare filash kai tsaye jikan wannan matsala ne.

Yadda ake gane tsari

Babu wani wuri guda da duk masu ƙera manhaja suka amince a rubuta sunan tsari. Kowa ya buga hatiminsa inda ya ga dama, don haka ganewa ta zama aikin bincike: a leƙa wurare sanannu ɗaya bayan ɗaya, a ga ko wani hatimi zai dace.

Tsarin ext2 na Linux, wanda Rémy Card ya fitar a 1993, yana ajiye babban bayaninsa daga bayit na 1,024, kuma a bayit na 1,080 ake samun lambar shaidarsa, wadda a lissafin tushe 16 ake rubutawa EF53. Tsarin HFS na Macintosh, na shekarar 1985, shi ma a bayit na 1,024 yake sa nasa, haruffa biyu: BD. Tsarin NTFS da exFAT suna rubuta sunansu ƙarara daga bayit na 3. Faifan CD kuwa sai an yi nisa, a bayit na 32,769, ake samun CD001.

FAT ne mai wuyar sha'ani, duk da cewa shi ya fi yawa. Yankinsa na farko yakan ƙare da lambobi biyu, 55 da AA, amma wannan alama ba tasa ba ce shi kaɗai, kusan duk faifan da ake iya tayar da kwamfuta da shi yana da ita. Tun daga DOS 4.0 akan rubuta kalmar FAT12 a bayit na 54, sai dai Microsoft da kansa ya bayyana a takardar bayanin tsarin cewa ba da wannan rubutu ake yanke hukunci ba. Ƙa'idar ita ce a ƙirga gungun ajiya da ke faifan: ƙasa da 4,085 FAT12 ne, daga nan zuwa ƙasa da 65,525 FAT16, abin da ya kai haka ko ya wuce FAT32. Ke nan manhaja sai ta karanta lambobin yankin farko ta auna ko suna da ma'ana. Idan wannan yanki guda ya lalace, sauran 2,879 na iya kasancewa lafiya lau, amma Windows za ta ce faifan ba shi da fomat.

A Linux, idan aka bar nau'in tsari ba a faɗa ba, ko aka rubuta auto, umarnin mount kan nemi taimakon shirin blkid, wanda ya haddace hatimai masu yawa. Idan bai gane ba, sai a bi jerin tsare-tsaren da manhajar ta iya, ana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai bincike na iya yin tambayar da kansa ba tare da ya ɗora komai ba. Umarnin blkid /dev/fd0 yana faɗin nau'i da laƙabin faifan, umarnin file -s /dev/fd0 kuma yana zayyano abin da ya gani a yankin farko. Wani lokaci hatimi biyu ake tararwa, idan an taɓa sauya wa faifan tsari kuma shirin da ya yi aikin bai goge tsohuwar shaida ba. Umarnin wipefs, in ba a ƙara masa komai ba, yana lissafa duk hatiman da ke nan, amma da ƙarin -a share su yake yi, saboda haka ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma faifan da ba shi da tsarin fayiloli sam. Masu amfani da Unix kan zuba ƙunshin tar kai tsaye a kan fulofi. Irin wannan ba ya ɗoruwa ko an kwana ana gwadawa, amma umarnin tar zai kwance shi cikin sauƙi.

Inda matsalar ta fi ƙarfin manhaja

Duk abin da ya gabata ya dogara ne a kan cewa na'urar ta iya karanta yankunan. Ba kullum take iyawa ba. Tsofaffin faifan Macintosh masu kilobayit 400 da 800 an rubuta su ne da wata hanyar sarrafa maganaɗisu daban, kuma na'urarsu na sauya gudun juyawa gwargwadon zoben da take kai. Na'urar kwamfutar ofis gudu ɗaya ta sani, don haka ba za ta karanta su ba ko da wace manhaja aka sa. Faifan Amiga mai kilobayit 880, mai yanki 11 a zobe, shi ma haka. Wasu kayan kiɗa, irin na kamfanonin Akai da Ensoniq, da wasu kekunan ɗinkin ado masu kwamfuta, suna da nasu tsarin. Tela ko makaɗin da ya zura irin wannan faifai a Windows zai ga tayin fomat, alhali a cikin na'urarsa faifan ƙalau yake.

Na'urorin USB da ake samu a kasuwa yanzu galibi kilobayit 720 da megabayit 1.44 na tsarin kwamfutar ofis kawai suka iya. Ga sauran akwai ƙananan alluna irin su KryoFlux da Greaseweazle, waɗanda ake haɗawa da tsohuwar na'urar fulofi. Su ba ruwansu da yanki ko tsari, sauye-sauyen maganaɗisun kansu suke naɗowa, daga baya manhaja ta fassara. Da irinsu ɗakunan adana tarihi ke aiki.

Manhajoji ma suna mantuwa. Apple ya cire na'urar fulofi daga iMac tun 1998, kuma daga macOS Catalina ta 2019 kwamfutocinsa sun daina karanta tsohon HFS gaba ɗaya. Linux na iya karanta shi har yanzu.

Sai lalacewar jiki, wadda ita ta fi yawa a yanayi mai zafi da ƙura. Ƙurar hunturu da ta shiga ƙarƙashin murfi tana karce fuskar faifan idan ya juya. Laimar damina na haifar da fumfuna, wadda ke manne wa kan na'urar ta kuma ɓata faifan da za a saka a gaba. Ajiye shi kusa da lasifika ko wani abu mai maganaɗisu na raunana rubutun. Kafin a zura tsohon faifai yana da kyau a ja murfin ƙarfen gefe, a juya cibiyar da yatsa, a duba fuskar a haske. Mai tabo ko farin ƙura-ƙura bai kamata ya shiga na'ura ba sai an tsabtace shi.

Abin da ya kamata a fara yi

A kusurwar faifan inci 3.5 akwai ɗan maɓalli mai zamewa. Idan aka tura shi hudar ta buɗe, har ana hango haske ta ciki, na'ura ba za ta yi rubutu a faifan ba. Ga mai inci 5.25 akasin haka ne, sai an liƙe tsagar gefensa. Wannan kulle shi ne matakin farko, domin yana hana fomat na kuskure, yana kuma hana manhaja yin ƙananan rubuce-rubucen da takan yi ba da sanin kowa ba.

Mataki na biyu shi ne a kwafe faifan sukutum, yanki bayan yanki, zuwa fayil guda, maimakon a tsaya buɗe takardu ɗaya-ɗaya. Tsohon faifai na iya jure karatu sau ɗaya ko biyu ne kawai kafin ya ƙarasa. A Linux umarnin dd na yin wannan, amma ddrescue ya fi dacewa, domin yana tsallake yankin da ya ƙi karantuwa ya kwashe masu kyau tukuna, sannan ya dawo ya sake gwada masu gardama, yana rubuta inda ya tsaya. A Windows akwai shirin WinImage. Kwafin faifai mai lafiya zai kasance bayit 1,474,560 daidai. Daga nan sai a mayar da faifan cikin kwali, a ci gaba da aiki a kan kwafin: a tambaye shi da file ko blkid, a ɗora shi da mount -o loop,ro kamar faifan gaske, ko a leƙa cikinsa da shirye-shiryen mtools, waɗanda ke karanta FAT ba tare da ɗorawa ba. Idan yankin farko ne ya lalace, ana iya ɗauko na wani lafiyayyen faifai mai girma ɗaya a dasa a kwafin, tun da lambobin iri ɗaya ne, kuma sau da yawa sunayen fayiloli kan dawo nan take. Idan rajistar ce ta tafi, shirin PhotoRec na bin yankunan ajiya yana tsinto fayiloli ta hanyar hatimansu, ko da yake ba tare da sunayensu na asali ba.

A kuma bincika abin da aka kwaso da manhajar kashe ƙwayar cuta. Fulofi ne babbar hanyar yaɗuwar cutar kwamfuta kafin intanet. Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, a yankin farko na faifai take ɓuya. Kwamfutar yau ba ta cika tashi daga fulofi ba, amma takardun Word na ƙarshen shekarun 1990 na iya ɗauke da cutar da ke aiki idan an buɗe su.

Fulofi bai ɓace da wuri kamar yadda ake zato ba. Sai a 2019 rundunar sojin saman Amurka ta daina amfani da mai inci 8 a tsarin aika umarnin makamanta na nukiliya, gwamnatin Japan kuma sai a 2024 ta sanar da soke ƙa'idoji sama da 1,000 da ke neman a miƙa mata bayanai a irin wannan faifai. Hanyar ganewar kuma ba ta sauya ba. Filash ko katin memori da Windows ta kira RAW tana neman a yi masa fomat yana cikin halin da fulofi mai lalataccen yankin farko ke ciki. Rediyon mota ko tsohuwar talabijin da ta ƙi ganin filash sau da yawa FAT32 kawai ta sani, aka ba ta exFAT ko NTFS. FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4, ko da filash ɗin fanko ne.

Bayan faifai ya buɗe akwai sauran aiki guda, domin takardun da ke ciki ma suna da nasu tsufan. Wasiƙar da aka buga da WordPerfect, ko lissafin da aka yi da Lotus 1-2-3 ko dBase, ba lallai sabuwar manhajar ofis ta karɓe su ba. LibreOffice, wadda kyauta ake sauke ta, tana buɗe da yawa daga cikinsu, daga nan a sake adana su a matsayin PDF ko wani nau'i na yau, a ajiye tare da kwafin faifan na asali.